Siririn Rubutun Malam Lallaɓa

Kafin ya rubuta ko da harafi ɗaya, sai ya shafi takardar da bayan hannunsa sau biyu, kamar mai lallashin jariri. Ba ƙura yake sharewa ba, don ko yanzu aka ciro ta daga leda sai ya shafe ta. Daga nan ya ɗora bakin biro a kai, a hankali, har wanda ke tsaye yana jira ya soma zaton ko tawadar ce ta ƙare. Can sai rubutu ya fara fitowa, siriri kamar zaren ɗinki, ya ɗan kishingiɗa dama, haruffan riƙe da hannun juna, masu wutsiya suna janta a ƙasa ba gaggawa.

Wannan hali ne ya ja masa sunan Lallaɓa a ofishin da ya yi aikin akawu shekara talatin da biyu. A wancan zamanin kowace wasiƙa kwafi uku ake yi, a jera takardu da kabon a tsakaninsu, a danna biro sosai don ya ratsa. A satinsa na farko manaja ya ɗaga takardar sama, ya ga rubutu kamar a sa a gilashi a rataye. Ya ɗaga ta biyu, ya ga wata 'yar inuwa. Ya ɗaga ta uku, fara sol.

"Kai sabon akawu, tsoron takardar kake ji ne?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji shi. "Gani na yi ba ta yi mini laifin komai ba."

Manajan ya so ya yi faɗa, dariya ta hana shi. Aka gwada shi wata guda, aka sake masa biro har iri huɗu, kabon ya ci gaba da dawowa sabo fil. Daga ƙarshe aka haƙura, aka mayar da teburinsa bakin taga, aka bar masa duk abin da ba ya bukatar kwafi: takardun shaida, katunan godiya, sunayen baƙi a bayan ambulan. Har takardar sallama daga aiki shi ake ba ya rubuta, in laifin mutum ba mai yawa ba ne. An ce akwai direban da aka kora, ya kai takardarsa gida ya rataye a falo. Sai da surukinsa ya zo ya karanta a tsanake sannan aka gane ba takardar yabo ba ce.

A gida kuwa rubutun wani aiki daban yake yi. Matarsa nas ce, unguwa duka Sista ake ce mata, shi ma haka yake kiranta. Mace ce mai magana a buɗe, wadda ta saba gaya wa ƙaton mutum ya juya a yi masa allura. Shi kuma bakinsa nauyi gare shi, musamman wajen ba da haƙuri. In ya yi mata laifi, sai ya wuni yana zagaya gidan yana gyara abin da bai lalace ba. Washegari da safe in ta buɗe gidan tabarau, sai ta tarar da 'yar takarda a ninke, layi biyu ko uku. Ta karanta, ta ɗan ja ta nesa da ido ta sake dubawa, sannan ta jefa a gwangwanin biskit da ke saman kabad. Wani lokaci ta huce nan take, har ta ƙara masa madara a shayi. Wani lokaci kuma, da kusan kalmomi iri ɗaya, sai ta ƙara masa kwana biyu na shiru. Bai taɓa gane dalili ba. Bai kuma tambaya ba, don tambayar ma magana ce.

Cikin 'ya'yansu biyar, auta ce kawai ta gado son takarda. Bayan ya yi ritaya ta buɗe shagon buga katuna a bakin titi, tsakanin wani makanike da wani mai kemis. Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta biyu, firinta mai tari kafin ta tashi, da injin yankan takarda wanda kowa ke ba hanya. Wata rana ta zo gida da wata takarda da aka ja wa layuka gida-gida, kamar ta lissafi.

"Baba, kowane gida ka rubuta mini harafi ɗaya. Manya a sama, ƙanana a tsakiya, lambobi a ƙasa."

"Aji ɗaya za ki mayar da ni?"

"Hannunka zan sa a kwamfuta. Duk wanda ya danna, rubutunka zai fito."

"To ni kuma in yi me?"

"Ka huta mana. Ba ka ce ka yi ritaya ba?"

Auta ba a cika ce mata a'a a gidan nan ba. Yini biyu ya yi yana cika gidajen. Ta kwashe ta ɗauki hotonsu, ta yi makonni tana gyara bakin kowane harafi don wutsiyar wannan ta kama hannun wancan. Da ta gama ta raɗa wa salon rubutun suna Siririn Baba.

Abu kamar wasa, sai ya karɓu. Katin gayyata da aka buga da shi sai ka ji kamar mai gidan ne da kansa ya zauna ya tuna da kai. Mai turare ta sa shi a jikin kwalabenta, mai kek ta sa a kwalayenta, tela ya sa a ɗan ƙyallen da yake liƙawa a wuyan riga. Auta ta san dokokinsa tana kuma faɗa wa kowa: yana son farar takarda da fili a gefe, yana son magana gajeriya. In aka ƙanƙanta shi ɓacewa yake, in aka ɗora shi kan baƙi narkewa yake, in aka jera manyan haruffansa zalla sai su harɗe kamar igiyar da yara suka yi wasa da ita. Mai kemis ya so a buga masa yadda ake shan magani da shi, ta ce ba da ita ba, tsofaffi ne za su karanta.

Makanike ne kawai ya ƙi ji. Ya ce shi ma garejinsa na son gayu. Aka buga masa allo: Ba a ajiye mota a nan. Rubutun ya fito da ladabi kamar ana gayyatar mutum cin abinci. Daga nesa ba ya karantuwa, sai direba ya tsaya ya fito ya matsa kusa, ya karanta, ya ce kai wannan rubutu da kyau yake, sannan ya kulle motarsa ya yi tafiyarsa.

Bayan wannan ne Auta ta dawo da wata takardar mai gida-gida.

"Baba, ina son mai kauri. Irin wanda za a gani daga tsallaken titi. Ka ɗan danna biron kawai."

"Ki nemi wani," in ji shi. "Hannuna ba ya ihu."

Wannan karon kam an ce mata a'a.

Sista kuwa ta samu abin tsokana. Ta dawo daga unguwa da kwalin kek ta ajiye masa a gaba.

"Malam, ashe haka kake? Ko'ina na juya a garin nan sai in ga kana yi wa wata daɗin baki. Jiya a jikin kwalbar turare ka ce ƙamshinta ba ya fita a zuciya. Yau ga shi ka ce wa kek ita ce farin cikinka."

"Wancan inji ne," ya ce, yana ɗan hura hanci. "Wanda ya san hannuna ba zai taɓa ruɗewa ba. Ni ko da ido ɗaya sai in rarrabe na inji da nawa."

"Ko da ido ɗaya?"

"Ko da rabinsa."

"To madalla," in ji ta. "Na riƙe."

Shekara biyu bayan haka kofin shayinsa ya fara ƙara a kan ɗan farantinsa. Ƙara ce 'yar kaɗan, kamar haƙoran mai jin sanyi. Ya daina amfani da farantin, ya ce wanke-wanke yake ragewa. Ya koma sa riga marar maɓalli, ya ce ta fi iska. In yana zaune da mutane sai ya danne hannun dama da na hagu, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. A ganinsa ya rufe ko'ina.

Sai ranar da yayar Sista ta kawo ziyara. Ita wannan baiwar Allah in ta fara magana ba ta neman amsa. Bayan awa uku ya tashi ya nufi rediyon da ke kashe a kan tebur, ya murɗa maɓallin rage murya, ya dawo ya zauna. Yaya ba ta lura ba. Sista ta lura.

Da yamma ya shiga ɗakinsa, ya yago takarda daga ɗan littafinsa, ya shafe ta sau biyu, ya ɗora biro. Abin da ya fito kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya. Ya yago wata, ya sake. Ya yi biyar. Ya zauna yana kallon hannun nan kamar wani baƙo da ya shigo ba sallama. Abu ɗaya ya iya a duniya wanda ba kowa ya iya ba, kuma ta nan kaɗai yake yi wa matarsa maganar da ke da nauyi. In ta ga wannan, ya san abin da zai biyo baya: za ta daina yi masa kallon miji mai laifi, ta koma yi masa kallon marar lafiya. Fushinta ya fi masa sauƙi.

Da safe ya sa littafin a aljihu ya tafi shagon Auta. Ya zauna a kujerar kwastoma, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar firinta.

"Auta, in mutum yana son a buga masa layi biyu, a kan takardarsa, da shuɗi irin na biro, zai yiwu?"

"Wane mutum?"

"Wani bawan Allah."

Ta dubi littafin, ta dubi hannun da ke cikin aljihu.

"Baba, Mama fa nas ce."

"Ta yi ritaya."

"Idonta bai yi ba."

"Ke dai ki buga. Kuma ki rantse mini ba mai jin wannan daga bakinki."

Ta rantse. Firinta ta yi tarinta, takarda ta fito. Shi kansa sai da ya yi mamaki, don ko ranar da yake saurayi bai yi rubutu mai tsabta haka ba. Ya shafe ta sau biyu, ko da yake an riga an rubuta, ya ninke.

Washegari yana leƙe ta gefen jarida. Sista ta buɗe gidan tabarau, ta karanta, ta ja takardar nesa da ido. Ta daɗe a haka fiye da kullum. Har ta ɗan juya ta gefe. Sannan ta jefa a gwangwani. Ba ta huce nan take ba, ba ta kuma kai kwana biyu ba. Kwana ɗaya ta yi, kamar alƙalin da ya raba shari'a biyu.

Malam Lallaɓa ya ga hanya ta buɗe. Da, kowace takarda sai ta ci masa yini yana juya kalma, saboda haka yakan yi taka-tsantsan da laifi. Yanzu kuwa tafiyar minti goma ce zuwa shagon Auta. Ya bar famfo a buɗe har ruwa ya shiga kicin, aka buga. Ya ba maƙwabci aron kujerunta bai tambaye ta ba, aka buga. Takardun suka fara tsawo, har da kalmomin da bakinsa bai taɓa sani ba. Cikin wata biyar ya kai shida, abin da a da sai ya yi shekara biyu bai kai ba.

Ran nan da safe, ba laifin da ya yi, ba kuma shagon da ya je, Sista ta buɗe gidan tabarau ta ciro takarda.

"Kai Malam, yau ka burge ni."

"Da me?"

Ta gyara murya ta karanta: "Daga yau sukari cokali ɗaya ya ishe ni a shayi. Na rubuta da hannuna don kada gobe in musa."

Ta miƙa masa. Takardar littafinsa ce, shuɗin biro ne, rubutunsa ne har wutsiyoyin. Da farko tsoro ya kama shi, ya ce ko mantuwa ce ta biyo bayan hannun. Sai ya ɗaga kai ya ga yadda take juya shayinta a hankali tana kallon bango. Ya buɗe baki zai ce wannan na inji ne, sai ya hango gwangwanin biskit. In ya faɗa, za ta sauko da shi, ta jera masa shidan nan kusa da wannan, ta ce mai rarrabewa da rabin ido, bismilla.

"Hannunka ne ko?" ta ce.

"Da alama."

Ta ɗauke gwangwanin sukari ta kai can ƙarshen tebur.

Sati na gaba ya wayi gari ya yi alkawarin kwashe tsofaffin jaridun da ya tara shekara ashirin a ƙarƙashin gado. Ya kwashe. Na gabansa kuma ya yi alkawarin raka Sista gidan Yaya, ya wuni, ba zai duba agogo ba ko sau ɗaya. Ya je, ya wuni. A gidan Yaya ko rediyo babu.

Daga can bai zarce gida ba, sai shagon Auta.

"Wa yake zuwa nan yana buga takarda da hannuna?"

"Rabin garin nan, Baba."

"Kin san abin da nake nufi."

"Sirrin kwastoma ne. Kai ma ai ka sa na rantse."

"Ni ubanki ne."

"Ita kuma..." Auta ta kama bakinta, ta juya ta hau gyaran takardun da ke a gyare.

Ya zauna a kujerar kwastoma. Sannan ya ciro littafinsa, wanda sai yanzu ya lura ya fi yadda ya sani rama.

"Buga mini. Duk alkawuran da na yi a watan nan na janye su."

"Baba, ni dai ina ganin..."

"Kwastoma ne ke magana."

Sista ta karanta wannan da safe, ta gyaɗa kai. Ya zuba sukari cokali uku yana kallonta. Kashegari ta buɗe gidan tabarau.

"Allah sarki, Malam, ashe ba ka iya barci da saɓa alkawari. Ji fa: Janyewar da na yi jiya ita ma na janye ta, kuma na ƙara da wanke kofuna."

Makanike ya ce a watan nan kullum sai ya ga tsofaffin nan biyu a shagon 'yarsu, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan la'asar, kowa na waige-waige kamar mai sayen abin da aka hana.

Ta ƙarshe ba ta karanta da ƙarfi ba. Ta ciro ta, ta tura masa a kan tebur, ta ci gaba da shafa man biredi. Layi ɗaya ne: Ranar Talata zan bi Sista asibiti a duba hannuna na dama.

Ya karanta sau biyu. Hannun, da yake ƙarƙashin tebur, ya fito da shi ya ajiye a sama. Ya yi ta kaɗawa a tsakaninsu, ba wanda ya danne shi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka fara tausayin mai wanke-wanke. Shekara arba'in ba ka taɓa ba."

"Takardun fa? Auta ce?"

"Bar mini yarinya. Ko da na je da kaina ba ta faɗa ba, kuka kawai ta kusa yi."

Ta tashi ta sauko da gwangwanin, ta juye shi a kan tebur. Takardu suka baje, wasu sun yi ja don tsufa. Ta zaɓo biyu ta jera.

"Malam, kalmominka ban cika karanta su ba. Kusan iri ɗaya ne tun muna amarci. Layin nake kallo. Dubi wannan. In ka san kai ne da laifi, layin gangarawa yake ƙasa, kamar mai sunkuyar da kai. Dubi wannan kuma. In kana ganin kai ne da gaskiya, haƙurin na a zauna lafiya ne, sai ya riƙa hawa sama yana ɗaga hanci. Shi ne nake ƙara maka kwana biyu."

Ya duba. Haka ne kuwa. Shekara arba'in yana tona wa kansa asiri bai sani ba.

Ta jawo shidan nan na inji ta jera su a gefe.

"Waɗannan kuwa a miƙe suke sambal kamar igiyar shanya. Kyau kam akwai. Amma wata biyar ke nan ban san ko mijina ya yi nadama ba ko bai yi ba. Rawar hannun ba ta dame ni ba, na ga dubunta. Wannan ne ya dame ni."

"Rubutun ya lalace, Sista. Ba za ki iya karantawa ba."

"Ni? Shekara talatin ina karanta rubutun likitoci."

Ta tura masa littafin da biro, ta koma kan biredinta kamar ba ruwanta. Ya shafi takardar sau biyu. Ya ɗora biro a hankali yadda ya saba, bakin biron ya hau rawa. Ya gane hanya ɗaya ce za ta tsayar da shi. Ya danna. Ya danna sosai, har teburin ya ɗan yi ƙara. Haruffa suka fito masu kauri, karkatattu, kowanne tsaye shi kaɗai ba mai riƙe da hannun wani. Kalma huɗu ya yi, ya haɗa gumi. Layin kuwa tun daga kalma ta biyu ya kama gangara, ta ƙarshe saura kaɗan ta faɗo daga takardar.

Sista ta ɗauka, ta ja nesa da ido. Ta juya bayan takardar ta shafa da yatsa, ta ji tudun kowane harafi. Ta ɗaga shafi na biyu na littafin, ga sawun rubutun nan raɗau. Ta ɗaga na uku, yana nan.

"Yau da manajanka na da rai," ta ce, "da ya samu kwafinsa uku."

Ta tashi ta ɗauko gwangwanin sukari daga ƙarshen tebur, ta zuba masa cokali ɗaya da rabi.

Ranar Talata suka je. Likita ya ba da magani, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba, siririn rubutun kuma bai dawo ba. Laifi dai bai daina yi ba. Takardun suka koma gajeru, masu kauri, wasu na gangara, wasu na hawa, Sista na yanke hukunci daidai da kowace.

Wata rana Auta ta ga ɗaya a kan tebur kafin a jefa ta gwangwani. Ta ɗauka ta kai bakin ƙofa, ta ja baya tana kallo.

"Baba! Ai wannan nake nema tun shekara nawa. Wannan daga tsallaken titi ma za a karanta. Makanike har yau kuka yake."

Kafin sati ta kawo takardar mai gida-gida. Ya dubi takardar, ya dubi Sista. Sista tana tsintar zare a jikin zanenta.

"To, ajiye," ya ce. "A hankali."

A hankalin kuwa aka yi. Ya cika layin farko a wata guda, Auta na murna. Na biyu ya ci wata huɗu, gida huɗu kawai ya cika. Daga nan sai uzuri. Yau biron ba ya so, gobe hasken bai yi ba, jibi hannun ya tashi da rigima. Duk ranar da Auta ta zo za ta same shi a bakin taga, takardar a gabansa, ya shafe ta sau biyu, ya ɗauki biro, ya yi ta kallon gidan da ke gaba. Sai Sista ta leƙo ta ce shayi ya yi, ko kuma ana sallama a waje, shi kuma ya ajiye biron da sauri irin na wanda aka cece shi. A ranakun nan ɗin kuma, in ya yi laifi, hannun ba ya hana shi rubuta takardar gidan tabarau. Auta ba ta san wannan ba, ko kuma ta sani ta yi shiru. 'Yar gidan ce.

Shekara uku aka yi haka, har Allah ya karɓi abinsa, ran wata Alhamis da hantsi, a kujerarsa ta bakin taga.

Bayan an watse daga zaman makoki da kwana biyu, Auta na tattara ɗakin ta ga takardar a ƙarƙashin littafinsa. Ta kai wa uwarta.

"Mama, ko rabi bai kai ba."

"Ba za ki iya haɗawa da wanda ya yi ba?"

"Ina! In ba a cika ba, ko kalma uku ba za a buga da shi ba."

"Allah sarki," in ji Sista. "Kin taɓa gaya masa haka?"

"Tun ranar farko."

Sista ta gyaɗa kai, ta karɓi takardar, ta ja ta nesa da ido ta duba, sannan ta ninke ta sa a gwangwanin biskit.

Siririn Baba har yau yana yawo a gari, a jikin kwalabe da katuna da wuyan riguna, yana gaishe da mutanen da bai sani ba. Allon makanike ma na nan, da motoci uku ko huɗu a ƙarƙashinsa. Mai kaurin kuwa ya tsaya a layi na biyu da gida huɗu. Gidajen da suka rage babu ko ɗigon tawada a cikinsu, sai dai takardar ta yi santsi a wurin, har tana ɗan sheƙi, saboda yawan shafa.